Ka Nemi Labari Kafin Ka Sayi Ƙarfe: Amsa Ga Mai Son Tara 'Yan Mutum-mutumi A Mokolo

Wani matashi ya rubuto mini daga Mokolo. Ya ce a waya ya ga yadda Turawa ke jera 'yan mutum-mutumi a kan tebur, kowanne bai kai tsinken ashana tsawo ba, an yi masa fenti har da gashin baki da maɓallin riga, ana wasa da su ana neman taska a kufai ko ana tsere wa 'yan fashi. Abin ya kwanta masa a rai. Tambayoyinsa uku ne: ina zai samo su, nawa za su ci masa, kuma me zai gaya wa mahaifinsa ranar da ya leƙo ɗaki ya gan su a jere.

To ƙanena, duk zan amsa. Sai dai akwai ta huɗu da ba ka yi ba, alhali ita ce uwar sauran: labarin wa za ka buga?

Waɗannan da ka gani masu malafa da ƙaramar bindiga sun fito ne daga wasu mujallu masu araha na Amurka da ake kira pulp, wato sunan dagargajajjen itacen da ake yin takardarsu mara kyau. Argosy ce ta buɗe hanya a 1896. Tarzan ya fara bayyana a All-Story a 1912, Weird Tales ta fito a 1923, Doc Savage a 1933. Labarai ne na kasada: matuƙin jirgin sama, ɗan leƙen asiri, mahaukacin masanin kimiyya, ɓataccen birni a tsakiyar kurmi. Daga baya masu sassaƙa irin su Bob Murch na Kanada, mai kamfanin Pulp Figures, da Mark Copplestone na Ingila suka mayar da waɗannan mutanen takarda zuwa ƙarfe. Aikinsu na da kyau, ban ƙi ba. Amma ka ƙura wa hotunan ido da kyau. A mafi yawan waɗancan tsofaffin labarai, in an zo Afirka, jarumin Bature ne, kai kuwa ɗan dako ne da akwati a ka, ko kuma kana cikin gungun masu māsu da za a harbe kafin shafi ya ƙare. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya tara kuɗin guminsa ya sayo kansa a matsayin ɗan dako ba.

Ga shi kuma muna da namu. Gasar rubutu ta 1933 da aka shirya a Zariya ta haifi Ganɗoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, kusan lokaci ɗaya da Doc Savage. Ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Ga littattafan yaƙi na kasuwar Kano, masu aljanu da matsafa da takubban sihiri, da muka riƙa ɓoyewa a cikin littafin lissafi muna karantawa a aji. Waɗannan su ne pulp ɗinmu, har arahar takardar ba su bari ba.

Kai da kake Mokolo ma ko littafi ba ka buƙata, ka buɗe taga kawai. A 1823 wani Baturen Ingila mai suna Dixon Denham ya bi rundunar Larabawa da Barebari da mutanen Mandara zuwa hari, Fulani suka tarwatsa su, aka tuɓe shi, da kyar ya sha. Rabe ya ci Borno a 1893, ya zauna a Dikwa, aka kashe shi a Kusiri ranar 22 ga Afrilu 1900, a yaƙin da shi ma Lamy, jagoran Faransawa, ya mutu. A kan dutsen Mora wani hafsan Jamus, von Raben, da 'yan tsirarun sojoji waɗanda akasarinsu baƙar fata ne, suka jure ƙawanya tun daga Agustan 1914 har Fabrairun 1916, bayan Garwa ta riga ta faɗi a Yunin 1915. Su ne na ƙarshe da suka ajiye makamai a duk Kamaru. Ka ɗauki mutum huɗu da aka aika su saci hanya cikin dare su sauko daga dutsen neman hatsi da gishiri, ga masu gadi a ƙasa, ga kura a tsakani. Wasan yamma guda ke nan cif. Ɓataccen birni kuma? Ga kufan Diy-Gid-Biy a ƙasar Mafa, gine-ginen dutse ba laka ba siminti, waɗanda hukumar UNESCO ta saka a jerin kayan tarihin duniya a 2025, kamar yadda ta saka Sukur ta tsallaken iyaka a 1999.

Labari biyu kawai zan ce ka yi hattara da su. Hamman Yaji na Madagali ya bar littafin da ya riƙa rubuta al'amuransa daga 1912 zuwa 1927, shekarar da Turawan Ingila suka tuɓe shi, kuma cike yake da hare-haren kamun bayi a kan mutanen duwatsu. Jikokin waɗanda aka kama su ne abokan karatunka, watakila ma ɗayansu ne zai zauna a wancan gefen teburin. Na biyu shi ne rikicin da ya cika sansanin Minawawo da 'yan gudun hijira tun 2013. Ciwon da bai warke ba, ba a wasa da shi.

In ka tsayar da labari, lissafi ya zo da sauƙi. Irin wannan wasa ba na runduna ba ne. Kowane ɗan wasa mutum huɗu zuwa shida yake riƙewa: jagora, na hannun damansa, da 'yan rakiya. Ƙungiya biyu, sai dabba ɗaya ko biyu, sai wani abin tsoro guda. Goma sha biyu sun ishe ka shekara. Cutar masu wannan sha'awa a ko'ina ita ce sayen abin da ba za su taɓa fentawa ba, har Turawan da kansu suna yi wa juna ba'a da tsibin ƙarfen da ke jibge a ɗakunansu. Dokar da na kafa wa kaina bayan na sha wuya ita ce ba na sayen sabo sai na gama fentin na hannu, na kuma buga wasa da shi ko sau ɗaya.

Sai girma. Wanda ya fi yawa a wannan fanni shi ne milimita 28, daga tafin ƙafa zuwa ido, wato an rage mutum kusan sau 56. Sojojin roba da ake zubawa a leda a kasuwa sukan kai santimita 5. Duka biyun suna wasa, haɗa su ne ba ya yiwuwa, sai ka ga ɗan rakiya ya zama basamude a kan jagoransa. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Ka yanki ɗan tsinke daidai tsawon da ka zaɓa, ya zauna a aljihunka duk inda za ka. Motar wasa mai lamba 1:43 ko 1:50 a ƙarƙashinta tana tafiya da mai milimita 28, mai 1:64 kuwa takan yi kaɗan.

Yanzu ina ake samu? Ka fara da kasuwar Laraba ta Mokolo, wajen masu kayan wasan yara da masu gwanjo. Raƙumin roba, zaki, kada, tsohuwar mota: duk abin da ya yi daidai da tsinkenka ka ɗauka, kada launinsa ya dame ka, fenti zai rufe.

Amma inda nake so ka fi mayar da hankali shi ne maƙera. Allah ya ajiye ka a ƙasar da ake zubin tagulla tun kaka da kakanni. Maƙeran Kapsiki na wajen Rumsiki suna yi, ana samun irin kayan a cibiyar masu sana'ar hannu ta Marwa, ga kuma ƙungiyar masu sana'a ta Jingiliya a hanyar Koza. Can wajen Logon, Kotoko sun shahara da ɗan mahayin dokin tagulla wanda bai wuce ka rufe shi a tafin hannu ba. Tun da aka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Waza a Fabrairun 2013, baƙi masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, ciniki ya faɗi. Maƙerin da ka kawo wa aiki yau, ba zai ce ka dawo gobe ba.

Ka san yadda ake aikin kafin ka yi ciniki. Da kakin zuma ake fara gina siffar. A lulluɓe ta da yumɓu mai laushi, a ƙara mai kauri a kai, a bar kafa. In ya bushe a gasa, kakin ya narke ya bar gurbinsa, a zuba narkakkiyar tagulla, in ta huce a fasa yumɓun. Saboda haka kowace siffa guda ɗaya ce tak a duniya, babu ta biyunta, kuma gyara duk a kan kaki ake yinsa. Ka roƙi maƙerin ya nuna maka kakin kafin ya rufe shi. A nan za ka ce a rage kai, a ƙara rawani, a karkata takobi. In an zuba, magana ta ƙare.

Ka je masa da zane, gaba da gefe, da tsinkenka. Kada ka nemi siririn abu kamar tsinin māshi ko igiyar baka, tagulla ba ta cika shiga irin wannan lungu ba. Ka ce ya bar hannun a dunƙule da 'yar huda, kai ka soka waya daga baya. Ka ce ya yi wa ƙafafu faifai a ƙasa don ya tsaya da kansa. A shawarata ma ka ɗaga girman zuwa santimita 4 ko 5, ya fi sauƙi a hannun wanda bai saba da ƙanana ba, kuma zai dace da sojojin roba na kasuwa. Guda biyu za ka fara bayarwa a gwada, ka ba da kafin alƙalami, sauran kuɗi sai ka ga aiki. Kuma in ka shiga maƙera ka yi sallama, ka gaida Baba, ka tambayi gajiya da iyali, ka zauna. Mutumin da ya gaji wuta daga kakansa ba a miƙa masa waya a tsaye a ce yi mini irin wannan.

Wanda aljihunsa bai kai tagulla ba, ga yumɓu kyauta a bakin kogi. Wanene cikinmu bai gina shanun laka ba yana yaro? Ka murɗa siririyar waya ta zama ƙashi, ka ɗora yumɓun da aka tace a kai, ka shanya a inuwa kwana uku don rana tana fasa shi, sa'an nan ka roƙi mai ginin tukwane ta saka maka a cikin gashinta. Wanda za a gasa, a bar wayar siririya ƙwarai ko a cire ta, don yumɓu yana tsukewa ya tsage a kanta. Na farko zai yi kama da dankali. Na goma zai yi kama da mutum.

Odar waje na bar ta ƙarshe da gangan. Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, ba ya motsi, to duk farashin da ka gani ka buga lissafi, sa'an nan ka tuna kuɗin aike da na duwan suna jiranka a gaba. Na taɓa yin odar 'yan ƙarfe takwas, na jira wata biyu, ranar karɓa kuma abin da na biya kafin a sakar mini ƙunshin ya kusa kamo kuɗin kayan. Tun daga nan, sai in wani ɗan'uwa zai dawo daga Turai nake roƙonsa ya jefo mini a jaka. In za ka saya, ka sayi wanda ba a fenta ba, kuma ka sayi abin da ba ya samuwa a gida: matuƙin jirgi, sojan Jamus na zamanin Mora, mota ta 1930. Perry Miniatures suna da mahaya da dakarun Sudan na zamanin Mahadi, masu jibba da garkuwa, waɗanda da ɗan fenti za su tsaya a matsayin mutanen Rabe. In ka sami mai na'urar nan da ke fitar da siffa daga kwamfuta, ita ma hanya ce, sai dai abin da take fitarwa da ruwan roba yana da gautsi, kuma wanda bai gama bushewa ba yana cin fata.

Ga gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi. Wani zai ce maka ka fasa tsohon batirin mota ka narka darmar ka zuba da kanka. Kada ka kuskura. Da can da darma ake yin waɗannan 'yan sojoji, daga baya kamfanoni da yawa suka koma kuza saboda guba. Mu kuwa ba sai an ba mu labari ba: a 2010 gubar darma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Ko tagullar maƙera, da yake daga tsofaffin famfo da kwaɗo ake narko ta, ba a rasa ɗan darma a ciki. Ka wanke hannu bayan ka goge ta da magagari, kada ka yi aikin inda ake girki, kuma kada ƙanenka mai rarrafe ya kai ta baki.

Fenti ba shi da wani asiri sai haƙuri. Ka wanke siffar da sabulu da tsohon buroshin haƙori, ta bushe. Ka manna ta a kan murfin kwalba don ka sami mariƙi. Ka fesa mata shimfiɗar fari ta masu fentin mota, sama-sama, daga nesa da kamar taƙi ɗaya da rabi, a waje ba a ɗaki ba. Sa'an nan fentin ruwa na masu zane, akirilik, a tsinke shi ya yi kamar madara. Shafa biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, don mai kauri yana cike ido da baki ya bar maka fuska kamar ƙwai. In launuka sun zauna, ka tsinka ruwan ƙasa mai duhu sosai ka shafe jikin duka, zai gangara cikin lunguna ya fito da ninkin riga da kansa. Ƙarshe ka shafa banish mara ƙyalli. Da hunturu ka yi aiki da sassafe ka kife kwano a kai, in ba haka ba ƙura za ta zauna a ɗanyen fenti har abada. Tagulla mai kyau kuwa ni ba na fenta ta. Tsamiya da toka, a goge, a ɗaura wa kowace ƙungiya zare mai launinta a ƙugu, shi ke nan.

Ajiya: gwangwanin biskit, a shimfiɗa soso ko tsumma, kowa da gurbinsa. Mokolo da sauƙin zafi saboda tudu, amma in ka gangara Marwa ko Garwa a watan Afrilu, roba a cikin mota ko a ƙarƙashin kwanon rufi lanƙwashewa take yi. Wadda ta lanƙwashe a tsoma a ruwan zafi, a miƙe ta, a tsoma a na sanyi.

Filin wasa kada ka kashe masa ko dala. Katako ko kwali mai santimita 90 kowane gefe ya isa. Duwatsu ka tsinto a bayan gida, in ka sami masu tsini ga tsaunukan Kapsiki sun samu. Bukkokin Mafa masu dogon jinka daga kwalin takarda da ciyawa, rumbu daga yumɓu, gada daga karan dawa. Yaron da ya iya motar kara zai gina maka gari guda a yini biyu.

Ƙa'ida kuma, akwai littattafan da ake sayarwa, irin su Pulp Alley, amma ga wadda za ta fara da kai. A ajiye abubuwa biyar a fili waɗanda ake nema, ko taswira ko laya ko buhun gishiri. Kowane mutum yana tafiyar tsawon kara mai santimita 15 a zagaye guda. In za a yi faɗa ko a haura dutse ko a ɗauki abin nema, a jawo lamba daga 1 zuwa 6. Jagora ya ci da 3 zuwa sama, ɗan rakiya sai da 5. Zagaye shida, wanda ya fi tara abin nema ya yi nasara. Ku gyara ta yadda ta yi muku daɗi. Sharaɗi ɗaya ne ba ya taɓuwa: ko goro ba a zubawa. Ranar da kuɗi ya hau teburin nan, sunansa caca.

To ga maganar mahaifinka. In gidanku na Musulmi ne, tambayarsa tana da tushe, kada ka ɗauke ta tsufa. Malaman Malikiyya sun tsananta a kan siffar mai rai wadda take cikakkiya kuma tana da inuwa. Sun yi rangwame ga 'yar tsanar yara saboda abin da aka ruwaito na Nana A'isha, sun kuma sassauta in siffar ta rasa gaɓar da mai rai ba ya rayuwa sai da ita. Ɗan lido ma da yawansu ba su yarda da shi ba, shi ya sa na ce a jawo lamba: takardu shida a cikin hula sun biya buƙata. Ni ba mai fatawa ba ne. Ka ɗauki guda ɗaya ka kai wa malaminku, ka gaya masa gaskiyar abin da ake yi da shi, kuma ka yi haka kafin ka kashe kuɗi. In ya ce a'a, wasa bai mutu ba. Wasan yaƙin da hafsoshin Furusiya suka karɓa a 1824, kakan duk waɗannan, da 'yan guntaye masu launin ja da shuɗi ake buga shi a kan taswira, babu fuska ko ɗaya. Maƙerinka zai iya zuba maka rawani, garkuwa, kwalkwali, tuta, kowanne a kan faifansa, kowa ya san wanda yake wakilta. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ɓoyo a ƙarƙashin katifa.

Saura abu guda, don mai tara kaya ba ya daɗewa dillalai ba su gano shi ba. Wata rana wani zai jawo ka gefe ya kwance tsumma, ya nuna maka ɗan mutum na gasasshen yumɓu, ya ce na Sao ne daga bakin Tafkin Chadi, ko tsohon dokin Kotoko da fatarsa ta laya, ko tukunyar kakannin wani gida a kan dutse. In na jabu ne, ka yi asara. In na gaske ne, abin ya fi muni: kayan Sao suna cikin jan jerin da majalisar gidajen tarihi ta duniya ta fitar a 2000, Kamaru kuma tana da dokar kare kayan gado ta 2013. Ka ce masa Allah ya kawo kasuwa, ka wuce. Sabo za ka saya, daga hannun wanda ya yi shi, ka rubuta sunansa da ƙauyensa da ranar saye a ɗan littafi.

Laraba mai zuwa ka shiga kasuwa da tsinkenka a aljihu, ka nemo dabba biyu. Ka zana mutum huɗu na dutsen Mora a takarda, ka kai wa maƙeri biyu daga ciki. In an zuba, ka aiko mini da hoto in gani, har da waɗanda suka lalace.